Makin SAT da ACT da gurbin karatun likita kai tsaye a Amurka: yadda ake bin hanyar

Wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya saba da tsari ɗaya: yaro ya gama sakandare, ya ci JAMB da jarrabawar tantancewa ta jami'a, ya shiga karatun likita na shekara shida kai tsaye. Amurka ba haka take ba. A can sai ɗalibi ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, ya rubuta wata doguwar jarrabawa da ake kira MCAT, sannan ya nemi gurbi a makarantar likitanci, wadda ita ma shekara huɗu ce. A wannan ƙofa ta biyu ake zubar da jama'a. Duk shekara mutum fiye da dubu 50 ke nema, masu shiga kuwa kimanin dubu 23 ne, ba su kai rabi ba, alhali duk masu digiri ne da suka daɗe suna shiri.

Saboda haka iyaye da yawa ke sa ido a kan tsarin da ake kira BS/MD ko BA/MD (BS ko BA digirin farko ne, MD kuma digirin likita). A wannan tsari yaro yana ajin ƙarshe na sakandare zai nemi gurbi biyu a lokaci guda: na digirin farko da na makarantar likitanci. Idan aka ɗauke shi, an ajiye masa kujerarsa tun yana ɗan shekara 17 ko 18, muddin ya cika sharuɗɗan da aka gindaya masa. Wasu shirye-shiryen shekara takwas ne, wasu bakwai, kaɗan kuma shida.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: maki nawa ake so a SAT ko ACT, jarrabawoyin shiga jami'a na Amurka? Zan amsa ta. Amma abin da nake so iyaye da ɗalibai su riƙe tun daga nan shi ne, maki yana sa a buɗe takardun yaro a karanta, ba shi ke ba da kujera ba. Gidaje da yawa suna ƙarar da shekara biyu da kuɗi mai yawa wajen neman ƙarin maki 20 ko 30, su bar abubuwan da a zahiri ake yanke hukunci a kansu.

Mataki na farko: ka tabbatar kana cikin waɗanda aka yarda su nema

Kafin a sayi littafi ko a biya kuɗin jarrabawa, a duba wannan. Mafi yawan shirye-shiryen nan na 'yan ƙasar Amurka ne da masu katin zaman dindindin, wato girin kad. Wasu ma sun ƙara taƙaitawa ga mazauna jiharsu, kamar shirin GPPA na Jami'ar Illinois da ke Chicago, wanda na 'yan jihar Illinois ne. Yaran Hausawa da aka haifa ko suka girma a Bronx da Harlem da Houston da sauran wurare, su wannan ƙofa a buɗe take gare su.

Ga ɗalibin da ke Najeriya ko Nijar ko Ghana, maganar ta bambanta, kuma gara a faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Shirye-shiryen da ke karɓar ɗan ƙasar waje 'yan ƙalilan ne. Shirin PLME na Jami'ar Brown yana cikinsu, amma gurabensa 'yan gommai ne a shekara, masu nema kuma dubbai daga ko'ina a duniya. Ɗan ƙasar waje ba ya samun tallafi ko rancen karatu na gwamnatin tarayyar Amurka. Ga kuma batun biza, wanda aka tsaurara tun 2025 ga ƙasashe da dama na Afirka, ciki har da Chadi da Sudan, daga baya matakin ya shafi Nijar da Najeriya. Duk wanda ke wannan hali ya fara zuwa cibiyar EducationUSA mai ba da shawara kan karatu a Amurka, wadda ke da ofis a Abuja da Legas, ya ji halin da ake ciki a lokacin da zai nema.

Shawarata ga yaron da ke gida kuma likitanci yake so da gaske: ya yi MBBS ɗinsa a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo ko Maiduguri. Abin da 'yan Amurka ke fafutukar samu, wato shiga likitanci kai tsaye daga sakandare, shi ne tsarin da yake da shi a ƙofar gidansu. Idan daga baya yana son aiki a Amurka, akwai hanyar USMLE, jarrabawar samun lasisin likita a can, da shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sannan neman horon ƙwarewa a asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a wajen ƙasar suka yi karatu.

Mataki na biyu: ka san shirye-shiryen, domin ba iri ɗaya ba ne

PLME na Brown, a birnin Providence, shekara takwas ne, ba a neman MCAT, kuma ana ƙarfafa ɗalibi ya karanta abin da ransa ke so a digirin farko, ko tarihi ne ko adabi. Jami'ar Rochester tana da REMS, Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland tana da PPSP, duka biyun shekara takwas. Jami'ar Missouri da ke Kansas City shekara shida take yi, ana karatu kusan duk shekara ba dogon hutu, kuma tun shekarar farko ɗalibi ke fara shiga asibiti. Jami'ar Howard da ke Washington, wadda tarihinta na ilimantar da baƙar fata ne, ita ma tana da na shekara shida, amma a can sai an rubuta MCAT. Penn State tana da na shekara bakwai tare da makarantar likitanci ta Jefferson a Filadelfiya. Makarantar likitanci ta Albany ta haɗa gwiwa da kwalejoji uku, Rensselaer da Union da Siena, kowacce da abin da ta sa a gaba: ta farko bincike, ta biyu shugabanci da tafiyar da harkar lafiya, ta uku hidimar jama'a.

Wanda nake so iyalan da ke New York su duba da kyau shi ne shirin Sophie Davis na CUNY, jami'ar birnin New York, a harabar City College da ke Harlem. Shekara bakwai ne, ba MCAT, kuma tun kafuwarsa a 1973 manufarsa ita ce samar da likitocin da za su yi aiki a unguwannin da ba su da isassun likitoci. Yaron da ya girma a irin waɗannan unguwanni, ya san layin asibitin gwamnati, ya san yadda dattijuwa ke fita daga wurin likita ba ta gane abin da aka ce mata ba, yana da abin faɗa a can wanda maki ba zai faɗa masa ba.

Abu biyu na kula. Shirye-shirye suna rufewa: Northwestern da Jami'ar Boston, waɗanda suka yi suna a wannan fanni, sun daina ɗaukar sababbi a 'yan shekarun nan, amma har yanzu sunayensu na yawo a tsofaffin jerin da mutane ke turawa juna ta WhatsApp. Sannan akwai BS/DO, wanda ke kai wa ga DO, wani digirin likitanci daban da MD. Mai DO cikakken likita ne a Amurka, yana rubuta magani yana yin tiyata, kuma gasar shiga ba ta kai ta MD zafi ba. Kada a raina shi.

A buɗe takarda ɗaya, a rubuta kowane shiri da waɗannan: shekara nawa, wa aka yarda ya nema, ranar rufe karɓar takardu, ko ana neman SAT ko ACT, mafi ƙarancin makin da aka ƙayyade, ko ana haɗa makin zama daban-daban, ko ana neman MCAT. A ɗauko komai daga shafin jami'ar na wannan shekarar. Ƙa'idojin nan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Mataki na uku: ka fahimci abin da lambobin ke nufi

SAT na hukumar College Board ne, makinsa daga 400 zuwa 1600: rabin farko karatu da rubutu, rabi na biyu lissafi, kowanne daga 200 zuwa 800. ACT makinsa daga 1 zuwa 36. Bisa jadawalin daidaitawa da hukumomin biyu suka fitar a 2018, 33 a ACT ya yi daidai da 1450 zuwa 1480 a SAT, 34 ya yi daidai da 1490 zuwa 1520, 35 da 1530 zuwa 1560, 36 kuma da 1570 zuwa 1600.

Lamba uku za ka ci karo da su, kuma a nan ake rikicewa. Ta farko ita ce mafi ƙarancin makin da shirin ya wallafa. Wannan iyaka ce kawai: wanda bai kai ba, ba za a duba takardunsa ba, wanda ya kai kuma bai samu komai ba tukuna sai damar shiga layi. Ta biyu ita ce makin ɗaliban jami'ar gaba ɗaya, wanda ake samu a takardar da kusan kowace jami'a ke wallafawa mai suna Common Data Set, a sashen C9. A can za ka ga makin da kashi 25 na ɗalibai suka faɗa ƙasa da shi, da wanda kashi 25 suka haura. Ta uku ita ce makin waɗanda aka ɗauka a shirin likitancin kansa, kuma kusan kullum ta fi ta biyu nesa ba kusa ba, domin a cikin zaɓaɓɓu ake sake zaɓe. Idan shirin bai wallafa ta ba, ka ɗauki lambar sama ta Common Data Set a matsayin wurin farawa.

A ganina, wanda ke son ya nemi shirye-shiryen MD da yawa ya sa 1500 a SAT ko 34 a ACT a matsayin abin da yake nufa, tare da lissafi mai ƙarfi, 750 zuwa sama. Na sahun gaba irin su Brown da Case Western, yawancin masu nema na gaske sun haura haka. Waɗanda aka kafa domin hidimar al'umma ko domin 'yan jiha sukan karɓi abin da bai kai haka ba idan sauran takardun sun yi nauyi.

Sai batun jami'o'in da suka ce aika maki zaɓi ne. Wannan ya yaɗu a lokacin annobar korona, a 2020. Amma iska ta juya: MIT ta dawo da wajabcin jarrabawa a 2022, sannan a 2024 Dartmouth da Brown da Harvard suka bi. Ko inda jami'a ta bar shi zaɓi, sau da yawa shirin likitancinta yana da tasa ƙa'idar daban. Kuma dalili a bayyane yake. Makarantar da za ta yafe wa yaro MCAT tana so ta ga shaidar cewa yana iya zaman jarrabawa mai tsawo, domin gaba akwai USMLE, wadda ba a yafe wa kowa. Mai neman BS/MD ya ɗauka cewa zai rubuta jarrabawa, ya huta da lissafin kaucewa.

Mataki na huɗu: zaɓi ɗaya, SAT ko ACT

Jami'o'i ba sa fifita ɗaya a kan ɗaya. Yaro ya zauna gwaji cikakke na kowacce a ƙarshen mako biyu daban, da agogo, ya kwatanta makin da jadawalin da ke sama, ya riƙe wadda ta fi masa. SAT tana ba da ƙarin lokaci a kan kowace tambaya, ACT kuwa gudu take so. Tun 2025 aka gajarta ACT, aka mai da sashen kimiyya zaɓi. Mai neman likitanci ya rubuta sashen kimiyyar, domin wasu shirye-shiryen suna son ganinsa. Shirya wa duka biyun a lokaci guda ɓata ƙarfi ne.

Mataki na biyar: tsara lokaci, a gama da wuri

Nan ne BS/MD ya bambanta da neman jami'a na yau da kullum. Ranakun rufewarsa suna zuwa da wuri, yawanci daga 1 ga Nuwamba zuwa farkon Disamba na aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare. Wanda ya bar jarrabawa sai ajin ƙarshe ya haɗa wa kansa gwaji da rubutun neman gurbi da darussa masu nauyi a wata ɗaya.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne: a hutun bazara bayan aji 10 a fara shiri. A watan Oktoba na aji 11 a rubuta PSAT, jarrabawar share fagen SAT, wadda ita ce ƙofar tallafin karatu na National Merit, kuma gwaji ne mai kyau. Zama na farko na gaske ya kasance tsakanin Disamba da Maris na aji 11, na biyu a Mayu ko Yuni, idan kuma akwai buƙatar na uku, Agusta kafin shiga aji 12. Sakamakon SAT yakan fito bayan kimanin mako biyu. Mayu watan jarrabawar AP ne, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, don haka wanda ke da darussan AP da yawa Yuni ya fi masa sauƙi. A kuma duba kalandar Musulunci tun da wuri: a 2025 zaman Maris ya faɗo cikin azumi. Jarrabawar da safe ake yi, yara da yawa suna iya ta da azumi a baki, amma wanda ya san tashin sahur yana hargitsa masa barci ya zaɓi wani watan. Iyalan da ba su da ƙarfi su tambayi malamin ba da shawara na makaranta takardar yafe kuɗi, wadda ke ba ɗalibin aji 11 ko 12 damar rubuta SAT sau biyu kyauta.

Mataki na shida: shirin kansa

SAT ta koma kan kwamfuta, a ƙasashen waje tun Maris 2023, a Amurka tun Maris 2024, ta manhajar Bluebook. Awa 2 da minti 14 ce, tambaya 98. Karatu da rubutu kashi biyu ne, kowanne tambaya 27 a minti 32. Lissafi shi ma kashi biyu, kowanne tambaya 22 a minti 35. Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne jarrabawar tana bin sawunsa: yadda ya yi a kashi na farko shi ke sa a ba shi kashi na biyu mai wuya ko mai sauƙi, kuma manyan maki ta mai wuyar kaɗai ake kai musu. Ganganci a tambayoyin farko masu sauƙi ya fi komai tsada. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka ba a barin tambaya ba amsa.

Kayan shiri mafi inganci kyauta ne: gwaje-gwajen da ke cikin Bluebook, rumbun tambayoyin College Board, da darussan Khan Academy. A cikin manhajar akwai na'urar lissafi ta Desmos mai zana jadawali, kuma an yarda a yi amfani da ita a duk sashen lissafi. Tambayar da ta ba ka lissafi biyu ta ce ka nemo inda suka haɗu, maimakon ka cika takarda, sai ka rubuta su biyun, ka taɓa inda layukan suka gitta juna, amsar ta fito. Wanda ya ƙware da ita yana tara mintunan da zai kashe a kan tambayoyin ƙarshe.

Abin da ya fi ɗaga maki, a iya abin da na sani, shi ne littafin kurakurai. Bayan kowane gwaji yaro ya ɗauki duk tambayar da ya faɗi, har da wadda ya ci da canke, ya rubuta dalili a layi ɗaya: ban san ƙa'idar ba, na karanta tambayar a gurguje, lokaci ya ƙure min, na zaɓi amsar da gaskiya ce amma ba ita aka tambaya ba. Bayan gwaji uku zai ga kurakuransa ba su wuce iri huɗu ko biyar ba. Yarinyar da ta gano cewa rabin abin da take faɗi a sashen rubutu na wurin sa waƙafi ne da haɗa jimloli, aikin mako biyu ne a gabanta. Wadda ba ta duba ba za ta yi ta maimaita gwaji tana samun maki ɗaya, tana zaton iyakarta ke nan.

Ga yaran da Hausa ko Faransanci ake yi a gida, sashen karatu ne yakan ja su baya, ba lissafi ba. Maganinsa karatu ne na kullum, rabin awa, na rubutun kimiyya da tarihi mai ɗan tauri, tun daga aji 9. Haddace jerin kalmomi a watan ƙarshe ba ya maye gurbin wannan.

Mataki na bakwai: haɗa maki, da sanin lokacin tsayawa

A ce yaro ya samu 760 a lissafi da 690 a karatu a watan Maris, jimla 1450. A Yuni ya samu 730 a lissafi da 750 a karatu, jimla 1480. Jami'ar da ke haɗa mafi kyawun kowane sashe za ta ɗauki 760 da 750, ta lissafa masa 1510. Shirin da ya ce sai makin zama ɗaya kuwa, 1480 yake gani. Idan iyakarsa ta haura haka, yaron yana waje, ko da jami'ar da shirin ke cikinta tana haɗawa. Wannan layi ɗaya ne a shafin ƙa'idoji, mutane da yawa ba sa karanta shi sai bayan an rufe. Wasu wuraren kuma suna so a aiko da makin duk zaman da aka yi.

Yaushe za a tsaya? Idan yaro ya haura iyakar duk shirye-shiryen da ke takardarsa, kuma yana cikin sahun waɗanda suke ɗauka, ya ajiye littafin SAT. Tsakanin 1540 da 1570 tambayoyi ne 'yan kaɗan, kuma masu tantancewa sun san haka. Na san yadda zuciyar iyaye take, musamman idan an ji ɗan wane ya samu kaza. Amma watanni ukun da za a kashe wajen neman wannan ɗan ƙari su ne watannin da ya kamata yaron ya yi a asibiti ko a kan rubutunsa.

Mataki na takwas: abin da ake duba bayan an wuce maki

Sakamakon aji na shekara huɗu, wanda ake taƙaitawa a GPA, ya fi jarrabawar safiya ɗaya nauyi. Ana duba ko yaro ya ɗauki darussa mafi wuya da makarantarsa ke da su: bayoloji da kemistiri da fizis da kalkulas a matakin AP ko takwaransa IB. Tsofaffin jarrabawoyin darussa na SAT an soke su tun 2021, kada wani ya sa ku neme su.

Sai tambayar da kwamitin ke yi wa kansa: me ya sa za mu yarda cewa ɗan shekara 17 ya san abin da yake nema? Amsar tana cikin abin da yaron ya yi da ƙafarsa. Aikin sa kai a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, bin likita yana kallon yadda yake aiki, horon agajin gaggawa inda shekaru suka ba da dama, bincike a ɗakin gwaji ga mai neman shiri irin na Rensselaer. Wuri ɗaya na tsawon shekara biyu ya fi wurare shida na mako-mako.

A rubutun neman gurbi, babban na Common App, shafin da ake neman jami'o'i da yawa da takarda ɗaya, kalma 650 ne iyakarsa, sannan kowane shiri yana da nasa tambayoyin: me ya sa likitanci, me ya sa yanzu, me ya sa mu. Kowa yana rubuta cewa yana son taimakon mutane. Ɗauki yarinyar da ke raka kakarta mai ciwon suga asibiti. Likita ya tsara allurar insulin sau kaza a rana, kaka ta gyaɗa kai, suna fita ta ce ita fa azumi za ta yi. Yarinyar ce ta koma ta yi wa likita bayanin sahur da buɗa-baki, likita ya sake tsara lokutan, ya kuma gaya musu alamomin da idan an gani dole a karya. Idan ta rubuta wannan yadda ya faru, da abin da ta gane game da tazarar da ke tsakanin takardar magani da rayuwar mai shan maganin, ta faɗi abin da babu mai irinsa a cikin tarin takardun. Kotun Ƙolin Amurka ta hana la'akari da launin fata wajen ba da gurbi a Yunin 2023, amma hukuncin bai hana ɗalibi bayyana yadda rayuwarsa da asalinsa suka gina shi ba.

Wasiƙun shaida a roƙe su tun ƙarshen aji 11, aƙalla ɗaya daga malamin kimiyya da ya san yaron sosai.

Mataki na tara: aikawa da ganawa

Common App yana buɗewa 1 ga Agusta, kuma jami'a 20 ce iyakarsa. Kada a cika su duka da BS/MD. Ko ɗalibi mafi ƙwazo yana iya nema a wurare goma bai samu ko ɗaya ba, don haka a haɗa da jami'o'in da yaron zai ji daɗin yin digiri a cikinsu ta hanyar da kowa ke bi, har da wadda ake da tabbacin samu kuma ake iya biya. A yi hattara da neman wuri mai ɗaure mutum, wanda suke kira Early Decision. Kafin a sa hannu a tambaya: idan jami'a ta ɗauke ni amma shirin likitanci bai ɗauke ni ba, dole ne in zo?

Wanda aka kira ganawa, yawanci tsakanin Janairu da Maris, ya sani makinsa ya gama aikinsa. Wasu ganawar ta zama ce da malami ko likita. Wasu kuma tsarin MMI ne, wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro: tashoshi gajeru na 'yan mintuna, kowacce da matsalarta, kamar abokinka ya yi satar amsa ko majinyaci ya ƙi magani. Ba amsa ɗaya ake nema ba, ana son a ji yadda kake auna ɓangarori. Akwai abin da ya shafe mu a nan. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro sunkuyar da kai a gaban babba da taƙaita magana, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma mai ganawa a Amurka yana iya ɗaukarta rashin tabbaci. Baba da Mama su zauna da shi a gida, ko su samo wani kawu ko anti da ke aikin lafiya, a yi gwaji: ya ɗaga kai, ya yi magana a sarari, ya faɗi abin da ya yi ba tare da jin yana yabon kansa ba. Wadda ba ta musabaha da maza ta shirya yadda za ta gaisa, hannu a ƙirji da murmushi, kada abin ya zo mata ba zato.

Mataki na goma: karanta sharuɗɗa da lissafin kuɗi kafin 1 ga Mayu, ranar ba jami'a amsa

Kujerar da aka ajiye tana da sharaɗi. A nemi takardar yarjejeniyar a karanta ta layi-layi. Wane GPA ake so a riƙe, gaba ɗaya da kuma a darussan kimiyya? Idan aka faɗi ƙasa a zango ɗaya, ana ba da damar gyara ko kora ce? Idan ana neman MCAT, wanda makinsa daga 472 zuwa 528 ne, nawa ake so, kuma sau nawa aka yarda a zauna? Shirin da ke neman makin da ya kai na waɗanda ke shiga ta hanyar yau da kullum, wajen 511 ko 512, bai rage wa yaro wani nauyi mai yawa ba. Idan ɗalibi ya nemi wata makarantar likitanci daga baya, yana rasa kujerarsa? A kuma tambayi ofishin: a cikin waɗanda suka fara, nawa ne suka kai makarantar likitanci?

Tambayar neman wata makaranta tana da nauyi saboda kuɗi. Tallafin da aka ba yaro a digirin farko yawanci ba ya bin sa zuwa shekarun likitanci. A ɗaya ɓangaren, makarantar likitanci ta NYU ta daina karɓar kuɗin karatu tun 2018, ta Albert Einstein da ke Bronx ta bi sahu a 2024 bayan kyautar dala biliyan 1 daga Ruth Gottesman, Johns Hopkins ma ta yafe wa mafi yawan ɗalibanta a wannan shekarar. Shiga waɗannan yana da matuƙar wuya, amma yaron da ya iya cin gurbin BS/MD yana cikin irin waɗanda ke iya gwadawa, kuma shirin da ya ɗaure shi ya rufe masa wannan ƙofa. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kuma ƙayyade rancen gwamnati ga sababbin ɗaliban likitanci daga Yulin 2026: dala dubu 50 a shekara, dubu 200 gaba ɗaya, abin da ba ya isa a makarantu masu zaman kansu da yawa. Ga gidan da ke guje wa bashi mai ruwa saboda addini, wannan lissafi tun yanzu ake yin sa, a zauna da malami idan akwai buƙata, kada a bari sai yaro ya kai shekara ta biyar.

A cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu ta gwamnati, da zarar an buɗe ta a kaka, da CSS Profile, ta neman tallafin jami'ar kanta, inda ake nema. Idan takardun tallafi suka iso a Maris ko Afrilu, a rubuta kuɗin duka shekarun, shida ko bakwai ko takwas, na kowane shiri, a gefensa kuma kuɗin jami'ar jiha da hanyar yau da kullum. Sannan a bar yaron ya yi magana da ɗalibai biyu ko uku da ke cikin shirin yanzu, ba a gaban iyaye ba, ya tambaye su yadda mako ɗaya na karatunsu yake da abin da ke faruwa da wanda ya canza ra'ayi a shekara ta biyu.